Dundumi a Layin Baya

Shekarar da soja suka karɓi mulki ina aji na biyu a kolej, wanda muke ce wa sankiyam, kuma saura ƙiris a kore ni. Ba ƙorafi nake ba, haka dokar take: wanda ya taɓa maimaita aji, in makinsa ya sake kasa kai rabi a ƙarshen shekara, sai a sallame shi. Ni kuwa na riga na maimaita ajin farko.

Kora a wurin ƴaƴan Yamai abin faɗa ce da zagi na kwana biyu, daga nan a kai yaro wurin tela ko gareji. Tawa ba haka take ba. Gidan kawuna nake zaune, ƙanen mahaifiyata, mai sayar da katako a kasuwar Katako. Ranar da aka kawo ni daga ƙauyenmu na wajen Tawa ya faɗa mini a gaban matarsa, wadda nake ce wa Inna, cewa lakwal, wato makaranta, ta kawo ni, ran da lakwal ta ƙare sai gida. Mutum ne da ba ya maimaita magana. Gidanmu na ƙauye kuwa a wannan shekara ba abin da ya rage cikinsa sai tsofaffi. Shanun babana sun mutu, yayyena sun yi kudu, rijiyar gari ta koma laka. Duk wanda ya zo daga can, in ka tambaye shi labari sai ya ce sai godiya, ya kau da kai.

A lakwal ɗinmu ba a zama inda aka ga dama. Bayan kowace jarrabawa, wadda muke kira kompozisiyo, sai a fitar da mu waje a jera mu, a riƙa kiran suna. Na ɗaya ya shiga ya zauna gaba daf da allo, na biyu kusa da shi, haka har a kai na ƙarshe, wanda zai ja ƙafa zuwa bango. Baƙo in ya leƙo aji bai buƙatar tambaya, da ido zai san mai kai da daƙiƙi. Wai don a zaburar da mu ne. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya zabura daga layin baya ba, kullum mu ne dai, mun san warin junanmu.

Ajin dogo ne, rufin kwano, tagoginsa na ƙarfe. Da bazara ta kama, in mun dawo karatun yamma sai a rufe tagogin duka saboda hucin rana, a bar ƙofa kawai. Na gaba suna samun hasken ƙofa. Mu na baya sai abin da ya ratso ta ƴan tsagogi.

A nan abin ya fara mini. In na fito daga rana na shiga aji, sai in ga kamar an kifa mini tukunya. Sauran yara su ɗan ƙifta ido su wuce, ni kuwa duhun ba ya washewa. Allo ya zama baƙin bango, murya kawai nake ji tana fitowa daga wajensa. Da magariba ma haka. Fitilar gida in an kunna ta ina ganin harshen wutar, amma ba na ganin abin da take haskawa. Na san sunan abin tun ina ƙarami, dundumi ne. Na kuma san abin da ke kawo shi, kowa ya sani: ciki ne da ya daɗe bai ga mai ba, bai ga nama ba, bai ga ɗanyen ganye ba. Wata da watanni muna cin tuwon jar dawar agaji da miyar da ta fi kama da ruwan wanke tukunya. Ko kopto, kwaɗon ganyen nan da matan Zabarmawa ke tallansa, ya zama abincin masu albashi.

Ban faɗa wa kowa ba. Yaron da ke zaune gidan wani, in ya buɗe baki ya ce yana da dundumi, ai cewa ya yi mai gidan ba ya ciyar da shi. Kawu kuwa abin da ya ci shi na ci, kwano ɗaya muke sa hannu. Ba wanda ke gini a shekarar yunwa, katakonsa na nan jibge rana na tsaga shi. Amma kullum da safe sai ya sa wankakkiyar riga ya fita, ya gaisa da mutane da murya cike. Da wane bakin zan tona wannan?

Juyin mulkin ya faɗo cikin hutu. Da muka koma, kamiyon soja, manyan motocin kaya, na ta wucewa da buhunan hatsi, direktanmu ya koyi zuwa kafin kowa, ya kuma koyi tsawa. Ana ɗaga tuta mu ƙame kamar turaku. Malamin lissafinmu an ɗauke shi zuwa wani gari, aka kawo mana wata matashiya a madadinsa, aka kuma ba ta riƙon ajinmu. Madan muke ce mata. Ƴar Maraɗi ce, babanta babban ma'aikaci, ta yi karatu a waje. Tana zuwa a kan ƙaramin babur, mobilet, ɗankwalinta ɗaure tamau. Ba ta da fara'a, ba ta da mugunta, magana kuma a tsaye take yin ta, ba ta san kewaye ba.

Sati na farko ba ta koyar da wani abin kirki ba. Sai ta ba mu aiki ta riƙa zagayawa tana kallonmu kamar mai sayen awaki. Lokacin hutu ta zauna gindin dogon yaro ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Wa ke riƙonka? Me kake yi kafin ka zo? Ina ne lissafi ya ɓace maka? Mu da ba a taɓa tambayarmu komai ba sai dalilin makara, muka ɗauka ƴar rahoto ce. A kwanakin nan kowa ɗan rahoto ne a idon kowa. Da aka zo kaina na ce lafiya lau, komai lafiya lau.

Ranar Litinin ta fitar da mu waje ta wargaza zaman. Wani yaro da kunnensa ɗaya ke ruwa, ta sa shi gaba ta gefen da lafiyayyen kunnen zai fuskance ta. Wata yarinya da ke tashi tun asuba tana daka wa masu riƙonta, kullum tana gyangyaɗi, ta ce daga yau ita ce mai goge allo da raba alli, kuma in barci ya zo ta miƙe tsaye ba sai ta nemi izini ba. Masu kai guda huɗu ko biyar ta tura su can baya wuri ɗaya, ta riƙa ba su nasu aikin mai wuya su yi ta dambe da shi. Waɗanda lissafin rabawa ya gagara tun firamare ta haɗa su, ta koma da su inda suka ɓace. Allo ta raba shi gida uku, kowane rukuni da nasa.

Tabɗi! Na ɗayan ajinmu kuka ya yi da hawaye, wai an mai da shi layin jakuna. Washegari ubansa ya zo da motar ofis. Direkta ya kira Madan, muna jiyo shi ta taga yana cewa yanzu ƙasa ta shiga tsari, ba lokacin gwaje-gwaje ba ne, in sufeto ya zo me za a ce masa. Ba mu ji abin da ta ce ba. Ta dawo ta ɗauki alli ta ci gaba, ba wanda ya motsa daga inda ta ajiye shi.

Ni tsakiya ta sa ni, don ba ta gane matsalata ba. Tsakiyar ma duhu ce. Na riga na ƙware: in zan shiga da yamma sai in bi jikin tabura, teburanmu na zama, da yatsa ina ƙirgawa a zuci har in kai nawa, in zauna in sa ido wajen allo kamar mai gani. Wata rana na shigo ina lalube haka, sai na yi karo da mutum tsaye a tsakiyar hanya, goshina a kafaɗarsa. Na ce, “Kai, wane makaho ne wannan?” Aji ya fashe da dariya. Ƙamshin sabulu na ji, na san na shiga uku.

Madan ce. Ashe kwana biyu tana kallon hannuna, da gangan ta tsaya. Ta kama ni ta kai ni tabur na bakin taga ta gabas, ta buɗe murfi ɗaya ta tokare shi da dutse. Haske ya zubo kan takardata, ya kai har gefen allo. Yara suka fara ƙorafin zafi, ta ce wanda zafi ya dama ya yi fifita. Daga ranar aikin rukunina a wannan gefen allon take rubuta shi, da manyan baƙaƙe. Ba ta taɓa kiran sunan ciwon a gaban aji ba, wannan na yaba mata.

Sauran abin ma ta gyara shi daidai ni. Da ta gane ba na iya karatu da fitila, ta daina ba ni aikin gida. Sai in zauna da tsakar rana gindin dogon yaro in yi shi kafin a koma, ta duba nan take. Ta roƙi malamin tarihi da na Faransanci su bar ni a tagar, ɗaya ya yarda, ɗaya ya ce shi ba likita ba ne. Makina ya fara ɗagawa, amma a hankali, jarrabawar ƙarshe kuwa tana matsowa.

Wata rana bayan ta duba aikina ta ce, “Taga ba magani ba ce. Maganin abin nan hanta ce, ko tsohuwar ƙauye ta sani. Ka faɗa wa mai riƙonka?”

Na ce ban faɗa ba.

“To ni zan faɗa masa.”

“Madan, don Allah a bari.”

“Dukanka yake yi?”

“A'a.”

“To mene ne?”

Yaya zan yi mata bayani? Mace ce da ta tashi a gidan da in yaro ba shi da lafiya sai a faɗa, a kai shi likita. Ta ɗauka tsoro ne irin na yara. Ta ce in kwantar da hankalina, manya za su yi magana.

Alhamis ba lakwal, ina rumfar Kawu ina juya katako. Rumfar cike take, don a kwanakin nan ba ciniki, sai hira. Maƙwabtansa na kasuwa suna zaune, da wani dillali, da wani babban ɗan kasuwa da ke ba Kawu kaya ya sayar ya biya daga baya. Sai ga ƙarar mobilet. Na ɗaga kai, sai ga Madan.

Ta yi sallama, ta gaisa gaisuwa ɗaya. Kawu ya miƙe ya sa na kawo mata kujera, ya aika a sayo ruwan sanyi. Bai san me ya kawo ta ba, fuskarsa har da alfahari, malamar lakwal ta zo rumfarsa. Ba ta jira ruwan ba, ba ta ce a keɓe ba. Ta ce, “Baba, yaron nan yana da ƙoƙari, amma dundumi ya kama shi. Rashin abinci mai kyau ne. A nema masa hanta ko sau biyu a sati, in ba haka ba zai faɗi, a kore shi.”

Dillalin ya duƙa yana gyara takalminsa da ba abin da ya same shi. Babban ɗan kasuwar ya dubi katakon Kawu, ya dubi Kawu, ya dube ni.

Kawu ya yi murmushi ya ce, “Madalla, Malama. Mun gode. Allah shi saka.” Ya raka ta har inda ta ajiye mobilet. Ta tafi da ranta fari, ta yi aikin alheri.

Da ya dawo wani maƙwabcinsa mai bakin tsiya ya ce, “Haba mai katako, da ka faɗa mana ai da mun yi karo-karo.” Aka yi ƴar dariya. Kawu ma ya yi. Ni ban taɓa jin dariya mai ban tsoro irin wannan ba.

Ba kunya ce kawai ba. A kasuwa mutum da rufin asirinsa yake ciniki. Wanda aka ji gidansa ba a ƙoshi, wa zai sake ba shi kaya? Kafin la'asar maganar ta kai layin masu kwano, ta kai na masu ƙusa.

A gida bai zage ni ba, bai tambaye ni ba. Ya daina dai sa hannu kwano ɗaya da ni, sai Inna ta zuba mini nawa daban. In na gaishe shi ya amsa yana kallon wani wuri. Na so a ce dukana ya yi. Bayan kwana biyu Inna ta same ni ina wanke-wanke ta ce a hankali, “Kawunka ya yi magana da direban kamiyon Tawa. Ya ce tunda gidansa yunwa ake, gara ka je inda ake ƙoshi.” Ta share ido da bakin zane ta ce, “Kai ma da ka faɗa mini ni.” Na ce ban faɗa wa kowa ba, Madan gani ta yi. Inna ta ce ta sani.

Na ji haushin Madan ƙwarai. Na zauna a tagarta ina kallon allo da hasken da ta buɗe mini, ina tsine mata a zuci. Ta tambaye ni ko an fara ba ni hantar, na ce mata kamiyo ake nema mini. Ta tsaya da alli a hannu. A fuskarta na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ta ce za ta je gida ta ba shi haƙuri, na ce in ta sake zuwa ko kamiyon ba zai jira ba.

Akwai akuya a gidan. Ta Inna ce, ita kaɗai ta rage, ɗaure a turke bayan ɗakin girki, ana ciyar da ita da ɓawon dawa da takardun kasuwa. Ɗan nonon da take bayarwa bai cika ƙoƙo ba, kuma na autar Kawu ne, yarinya ƴar shekara uku da aka yaye ta cikin yunwar nan, ba ta iya haɗiye jan tuwo sai an dama mata da nonon. Kowace magariba ita ke ɗaukar ƙoƙonta ta bi uwarta wurin tatsa.

Ranar da ake sa ran kamiyon, na tafi lakwal da safe ban san ko zan kwana Yamai ba. Da yamma muna cikin darasi, inuwa ta tare ƙofa. Kawu ne, cikin babbar rigarsa ta sallah, da hula, riƙe da langa an rufe da faifai. Bai bi ta ofishin direkta ba. Ya yi sallama ya shigo har gaban allo, ya ajiye langar a kan teburin Madan, ya ɗage faifan. Ƙamshin gasasshiyar hanta ya cika ajin. Yara kusan hamsin, rabinsu ba su ga nama ba tun layya, ka ji ana haɗiyar yawu.

Ya ce, “Malama, ga maganin da kika ce. Daga gidana ya fito, ba roƙo muka yi ba.” Ya juyo ya neme ni da ido. “Kai, taho nan.”

Na taso.

“Ci.”

Na ci a tsaye, a gaban kowa. Da zafinta, da gishiri. Ina taunawa ina jin idanu a bayana. Na so in rage, ya ce in cinye. Tun a loma ta biyu na san daga inda ta fito, don na san ba shi da abin zuwa wurin mahauta. Amma na cinye, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi mini daɗi.

Madan ta fito daga bayan tebur ta durƙusa har ƙasa, abin da ba mu taɓa zaton ta iya ba. Ta ce, “Baba, na yi kuskure. A gafarce ni.”

Ya ce, “Tashi, ɗiyata. Ni na yi nawa. Saura naki.” Ya ɗauki langarsa ya fita.

Naman bai sayar ba. Ya kasa shi ya aika gidajen maƙwabtansa na kasuwa ɗaya bayan ɗaya, da mai bakin tsiyar, da mai ba shi kaya, wai sadaka ce ya yi. Abin da ya rage mana kai da ƙafa ne. Ba a sake maganar kamiyo ba. Daren nan ya ce wa Inna ta zuba mana kwano ɗaya.

Madan ta yi nata. Ta bar ni a tagar har ƙarshen shekara, ta kuma koyi aika saƙo ta bakin mata in tana da magana da wani gida. Na tsallake da ƙyar, maki kaɗan a kan rabi. Mai ciwon kunne ma ya wuce. Mai gyangyaɗi ba ta wuce ba. Shekarar da ta biyo aka ɗauke Madan, aka koma jera mu yadda aka saba.

Idon kuwa bai ɗauki lokaci ba. Masu cewa hanta magani ce ba su yi ƙarya ba. Kwana kaɗan bayan nan ina zaune a tsakar gida bayan sallar magariba, lokacin da na saba komawa makaho, sai na lura ina ganin bakin randa. Na ga igiyar shanya. Na ga Inna a bakin murhu, na ga Kawu a kan buzu yana jan carbi. Murna ta kama ni, na buɗe baki zan faɗa.

Sai autar ta fito daga ɗaki da ƙoƙonta. Ta wuce ta gabana ta nufi bayan ɗakin girki, ta tsaya a turken. Igiyar na nan a ƙasa. Ta ɗaga ta, ta duba, ta ajiye. Ba ta yi kuka ba, da alama ta gama wannan a kwanakin da ba na gani. Ta tsuguna ta riƙe ƙoƙon da hannu biyu tana jira. Inna ta juya baya tana hura wutar da ta riga ta kama.

Kawu ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Yaya idon?”

Na ce, “Ina gani, Kawu.”